Bakin iska a bayan mota, na birki ne?

Alhaji, ka ce ka sayo motar nan mai ɗakin kwana daga Amurka, ka ga bakin iska a bayanta kana so ka jona birkin ƙaramar motar da za ka ja. Don Allah dakata tukun. Sa geji a bakin, in allura ta tsaya wajen psi 120 (ma'aunin ƙarfin iska) ba a taka komai ba to daga tanki iskar take, ta hura taya ce, wadda kake nema kuwa sai an taka birki take zuwa. Kuma ƙaramar mota birkinta da mai yake aiki, ba da iska ba, don haka sai an ɗaura mata silinda mai danna fedar birki. Kai babbar motar Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, wajen fitan manyan motoci kafin ka kama hanyar Tamale.