Bishiyar wilo mai karyayyen kai: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata bishiyar wilo (willow a Turance) wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Nasarawa, cikin Kano. Iska ta karya mata kai, ɓawon gefe ɗaya ya saɓule, mai ita ya ce zai bar mini a rabin kuɗi. Ina sha'awar mayar da ita bonsai, ƙananan bishiyoyin nan na Japan da ake reno a kasko. In saya? Daga wata mai karatu a Tarauni.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki saya, amma ki gwada ta tukuna. Sa farce ki ɗan kankare ɓawon a ƙasan karayar. In kika ga kore mai danshi, da ranta. In busasshe ne ruwan ƙasa, gangara ƙasa ki sake gwadawa. Sannan ki ɗan yaga ledar ki duba saiwa: fara ake so, baƙa mai wari kuwa ta ruɓe, ki bar masa kayansa.

Karayar ba ta dame ni ba ko kaɗan. Masu bonsai da hannunsu suke sare kan bishiya don gindi ya fito da kauri, sama ya tsuke. Iska ta rage miki aiki. Ki daidaita wurin da wuƙa mai kaifi, ki zaɓi tsiro ɗaya mai ƙarfi kusa da yankan ya zama sabon kai. Rassan da kika yanke kada su tafi bola. Ki tsoma su a kwalbar ruwa, cikin makonni kaɗan za ki ga fararen saiwoyi sun feso. In uwar ta gaza, kina da 'ya'ya.

Abin da nake tsoro zafin Kano ne. Wilo 'yar bakin rafi ce, kuma irin mai rassa masu zubowa ƙasa asalinta Sin ne, ta saba da sanyin da zai sa ta zubar da ganye ta huta. Mu kuwa a Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga iskar hunturu mai busar da komai. A ƙaramin kasko, yini ɗaya ba ruwa ya isa ta ƙone. Don haka, don Allah, kada ki yi gaggawar sa ta a kasko. Ta yi shekara guda a babban bokiti mai huji, inda ranar safe kawai ke samunta. Da bazara ki ɗora bokitin a faranti mai ruwa, ki shayar da ita safe da yamma. Yankan saiwa, wato rage ta da ake yi don bishiya ta zauna a ƙaramin kasko, ki jira saukar damina, wajen Yuni. Ki kuma shirya wa halinta: takan kashe reshe haka kawai, wanda kika fi so ma.

Wayar da masu bonsai ke naɗa wa reshe don lanƙwasa shi kuwa, wilo na saurin kauri, waya sai ta nutse a ɓawo. Ni na fi son a ɗaura ɗan dutse da zare a bakin reshen ya ja shi ƙasa.

Tunda hannunki sabo ne, ki haɗa da reshen cediya ɗaya ki dasa a gefe. Ita ta san ranar garin nan, tana jure yanka, ko kin yi tafiyar kwana biyu za ki dawo ki tarar da ita.