Ku Tambayi Likita: Kumburi a haɓa shekara 3 bayan aikin hanci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata aka yi wa aikin hanci a wani asibitin kuɗi a nan Jidda, aka sare tudun da ke kan karan hancinta aka dasa mata shi a haɓa don ta ɗan fito. Shekara 3 lafiya lau. Yanzu wani kumburi mai laushi ya taso a wurin, babu zafi babu zazzaɓi. Sau 2 ana zuƙe shi da sirinji, ruwa mai yauƙi ya fito, bayan 'yan makonni ya dawo. Mutanen gida har sun fara zancen ciwon daji.
Wata Hajiya, Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Sai an gan ta ido da ido kafin a yanke magana, amma yadda kika siffanta shi ya fi kama da jakar majina, ba daji ba.

Wannan dashe tsohuwar dabara ce, wani likita a Amurka mai suna Gustave Aufricht ya bayyana ta tun 1934. Tudun hanci ƙashi ne haɗe da guringuntsi, kuma tun da naman mutum ne, jiki ba ya ƙin sa. Sai dai ƙasan tudun a lulluɓe yake da tantanin nan na cikin hanci mai fitar da majina. Dole a kankare shi tas kafin a dasa. In ɗan guntu ya maƙale, ko da bai kai ƙwayar gero ba, zai iya rayuwa a sabon wurin ya ci gaba da aikin da ya saba. A hanci majina na da hanyar fita, a haɓa ba ta da ita, sai ta riƙa taruwa a hankali har ta zama jaka. Shi ya sa yakan ɗauki watanni ko shekaru bai nuna kai ba. Ba kasafai yake faruwa ba, don haka likitan da ba a gaya masa tarihin aikin ba zai iya ɗaukar sa ƙurji.

A daina zuƙewar nan. Sirinji ruwan yake ɗebewa, tantanin da ke yin sa yana nan daram, kuma kowace allura ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Maganin ƙwayoyin cuta ma ba zai busar da shi ba.

Ta ga likitan gyaran fuska ko na tiyatar baki da muƙamuƙi, ta riƙe rahoton aikin farko. Za a yi hoton CT ko MRI a ga girman jakar da halin da ƙashin ke ciki, a kuma ɗauki hoton haƙoran ƙasa na gaba, domin ruɓaɓɓiyar saiwar haƙori ma kan kumbura haɓa. Maganinsa tiyata ce: a shiga ta cikin baki ko ta ƙarƙashin haɓa, a cire jakar ɗungum da bangonta, a tura ta ɗakin gwaji. Sakamakon gwajin ne zai rufe zancen daji.

Ta sani tun kafin a shiga da ita cewa ana iya cire dashen gaba ɗaya, haɓar ta koma baya. In tana son gyara bayan wurin ya warke, akwai dashen roba na silikon, akwai kuma yanka ƙashin haɓar a turo shi gaba. Sannan akwai jijiyar da ke fitowa daga muƙamuƙi daidai ƙarƙashin haƙori na 4 ko na 5 daga tsakiya, ita ke ba leɓen ƙasa ji. In an ja ta wajen aiki leɓen kan daina ji kamar an yi masa allurar kashe zafi, galibi jin yakan dawo cikin makonni ko watanni.

In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya kama ta, kada ta jira ranar ganin likita, ku tafi sashen gaggawa a ranar.