Tambaya da Amsa: Ƙwaya goma ta irin ƙatuwar kabewa, me ya kawo maganar gwajin cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ostareliya, kuma ina sha'awar noman ƙatuwar kabewar nan da ake shiga gasa da ita. Wani abokina a Kanada ya yi mini alkawarin ƙwaya goma daga cikin irinsa, amma an ce sai an yi musu gwajin cuta an haɗo da takardu. Ƙwaya goma kacal! Wane irin gwaji ne wannan? Kuma in na samu, zan iya aika wa ƙanena wasu a Najeriya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na fahimci takaicinka, domin duk mai wannan sha'awa ya san darajar ƙwaya ɗaya. Kusan duk kabewar gasa daga nau'in Atlantic Giant ta fito, wanda Howard Dill ya inganta a garin Windsor na lardin Nova Scotia, can Kanada. Masu noman ma suna suke raɗa wa iri, da nauyin kabewar da sunan manomin da shekarar. In ka ji an ce 2009 Wallace 2012, ana nufin irin kabewar da Ron Wallace ya noma a 2012 mai nauyin fam 2,009, wadda ita ce ta fara haura nauyin fam 2,000 (kimanin kilo 907). A 2023 Travis Gienger na jihar Minnesota ya kai tasa kilo 1,247. Ƙwaya guda daga irin waɗannan takan kai ɗaruruwan daloli a gwanjo.

To amma jami'in da ke bakin iyaka ba nauyin kabewa ne a gabansa ba. Abin da yake tsoro wata ƙwayar cuta ce da ake taƙaita sunanta da CGMMV, mai sa ganyen dangin kabewa ya yi dabbare-dabbare. A Ingila aka fara bayaninta a 1935, a jikin kokwamba. Tana bin iri, tana maƙalewa a ɓawonsa har ma ta shiga ciki, kuma tana da taurin rai ƙwarai. In tsiro ɗaya ya fito da ita, hannun manomi da wuƙarsa da takalminsa da ruwan ban-ruwa su ne za su yaɗa ta, sannan ta zauna cikin ragowar shuka a ƙasa na tsawon lokaci. Babu maganin feshi da ke warkar da shukar da ta kamu.

Kabewa kan ɗauke ta ba tare da ta nuna wata alama sosai ba. Kankana ce ke shan wuya. Za ka ga ƙwallon lafiya lau daga waje, sai an yanka a tarar cikin ya yi laushi kamar soso, ya canza launi, wani wurin ya fara ruɓewa, ba mai saye. Ƙasar da kake zaune ta ɗanɗana wannan a 2014, lokacin da cutar ta ɓulla a gonakin kankana kusa da garin Katherine a arewacin ƙasar. Aka killace gonaki, aka lalata shuka, manoma suka yi asara mai yawa. Tun daga lokacin aka tsaurara dokar shigo da irin kankana da kokwamba da kabewa da duma, daga baya aka ƙara wasu cututtukan masu bin iri cikin jerin waɗanda ake nema.

Yanzu ga yadda gwajin yake, kuma nan ne matsalar taka take. Ba a duba iri a mayar maka da shi. Niƙa shi ake yi. A ɗakin gwaji ana kasa samfurin kashi-kashi, galibi ƙwaya 100 a kowane kashi, a niƙa, a jiƙa da wani ruwa na musamman, a tace. Sai a ɗiga ruwan cikin ƙananan ramukan wani faranti da aka shafa wa sinadarin da ke cafke wannan cuta kaɗai. In tana nan, ruwan ramin yakan rikiɗe ya koma rawaya. Wannan shi ne gwajin ELISA. Akwai kuma PCR, wanda ke neman ƙwayoyin halittar cutar kai tsaye, kuma ya fi ido wajen gano ɗan kaɗan. Kowanne aka yi, ƙwayar da ta shiga gwaji ta tafi ke nan.

Ƙwaya nawa ake niƙawa? Ƙa'idar ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, ta ba da shawarar aƙalla 2,000. Ostareliya ta ɗaga nata zuwa 9,400. Lissafi ne ya kawo adadin: in a cikin kowace ƙwaya 2,000 ɗaya ce ke ɗauke da cutar, samfurin 9,400 zai kama ta sau 99 cikin 100. Kamar mai sayen hatsi ne da ke soka buhu ya duba tsaba, yawan wuraren da ya soka shi ne gwargwadon natsuwarsa. An tsara wannan ne don kamfanonin da ke shigo da iri buhu-buhu. Ita kuwa ƙatuwar kabewa, duk girmanta, 'yan ɗaruruwan ƙwaya ne a cikinta. Saboda haka aka yi sassauci ga ƙaramin kaso, a gwada kashi 20 cikin 100 nasa. A ƙwaya goma, biyu ke nan. Ka rasa biyu, ka biya kuɗin ɗakin gwaji da na takardu wanda zai iya fin kuɗin irin, kuma gaskiya ƙwaya biyu ba sa gaya wa kowa abu mai yawa game da sauran takwas.

Shi ya sa nake ganin a wurin abokinka ya kamata a warware maganar, tun bai raba irin ba. In ya fitar da ƙwaya 500 daga kabewar, ya ba su lamba ɗaya a matsayin kaso guda, ya miƙa 100 ga ɗakin gwajin da hukuma ta amince da shi. Sakamakon ya fi ƙarfi, kuma duk waɗanda zai aika wa za su iya raba kuɗin a tsakaninsu. Daga nan hukumar CFIA mai duba lafiyar abinci da tsirrai a Kanada ce za ta ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai. A kula sosai: sunan kimiyya na irin, Cucurbita maxima, da lambar kason dole su zo iri ɗaya a jikin fakiti da takardar gwaji da takardar shaida. Harafi ɗaya ya saɓa, kaya na iya maƙalewa. Irin kuma ya zama busasshe, tsaf, babu ɓurɓushin naman kabewa, babu ƙasa, babu ƙwaro. Kafin a kashe ko sisi, ka shiga BICON, rumbun sharuɗɗan shigo da kaya na gwamnatin Ostareliya, ka karanta abin da ke aiki a ranar, domin sharuɗɗan na canzawa.

Wasu za su ce maka a gasa irin a zafin digiri 70 na kwana uku, magana ta ƙare. Hakan na rage cutar, amma ba ya tabbatar da ta mutu duka, kuma yana iya raunana tsirowar iri mai tsada. Wasu kuma za su ce a saka cikin katin gaisuwa a jefa a gidan waya. Ina roƙonka kada ka yi. Ana tantance wasiƙu, a ƙwace, a lalata, kana iya fuskantar tara. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya tsallake ba a kama ba, ya sauka a lambun da ke maƙwabtaka da gonar wani.

Kowace ƙasa da nata tsari, duk da cewa yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951 ce tushensu. Amurka na da izinin ƙananan fakitoci, ƙwaya 50 ko giram 10 a fakiti, ba tare da takardar shaida ba in irin ya cika sharuɗɗa. Tarayyar Turai kuwa tun 14 ga Disamba 2019 take neman takardar shaida a kan irin shuka da ke shigowa daga waje.

Batun ƙanenka, shi zai fara neman izinin shigo da iri daga hukumar NAQS mai kula da killace kayan noma a Najeriya, kafin ka aika, kai kuma ka haɗo da takardar shaida daga inda kake. Ko da izinin bai ambaci wannan cuta ba, ka aika masa daga kason da aka gwada kaɗai, domin kankanar rani da duman ƙwarya da ake nomawa a gida duk cutar na kama su. Ya shuka a gefe guda, nesa da kankana, ya ware wa wurin wuƙarsa da fartanyarsa. In ya ga ganye ya fara dabbare-dabbare ko ƙanƙancewa, ya tuge shukar ya ƙone, ya sanar da malamin gona.