Makaɗi, Maroƙi, Ajo da Bikin Farar Kaza: Amsoshin Tambayoyinku

Kaka ta yi, bukukuwa sun kankama, shi ya sa tambayoyin wannan makon kusan duka a kan biki suka zo. Na zaɓi waɗanda suka shafi kiɗa.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto: "Malam, a bikin yayata na kira mai kalangun da aka ɗauko maroƙi, sai ya ɓata rai, har kawuna ya sa na ba shi haƙuri. Ashe makaɗi da maroƙi ba duka ɗaya ba ne?"

Ɗana, kawunka ya yi daidai, kai ma kuma ba ka yi ƙarya ba. A tsohuwar Hausa roƙo shi ne sunan sana'ar gaba ɗayanta. Duk mai cin abinci da yabon mutane, da ganga ne ko da fatar baki, a ƙarƙashin roƙo yake. Amma a cikin gidan akwai ɗakuna. Makaɗi daga kaɗa ya fito, wato mai kaɗa ganga ko kalangu ko kotso. A nan akwai abin lura ga masu sha'awar karin sauti: idan ka sauke murya a gaɓar tsakiya, mutum kake nufi, jam'insa makaɗa, idan ka ɗaga gaɓoɓin uku duka, sandar kiɗan kake nufi, wadda ake kuma kira gula. Rubutu ɗaya ne, kunne ne ke rabawa. Mutanen Sakkwato da Katsina kuma kiɗi suke cewa, buki suke zuwa, inda Bakano zai ce kiɗa da biki.

Hausawa kan kira shugaban ƙungiya makaɗi ko da waƙa ce aikinsa. Mamman Shata na Katsina, wanda ya rasu a 1999, waƙa yake zubawa, yaransa na riƙe da kalangai suna amshi. Har da jam'i ake girmama irinsu, a ce Makaɗa Musa Ɗanƙwairo, Makaɗa Sa'idu Faru. Maroƙin baka kuwa ba ya riƙe komai. Jarinsa murya da sanin asali: ya san kakanka, ya san sarautar da gidanku ya taɓa riƙewa, ya san abin da ba ka so a faɗa. Yanzu da kalmar roƙo ta fara jingina da bara a kunnen mutane, wanda ya yi shekaru yana koyon matse kalangu a hammata har ya iya sa shi magana ba zai ji daɗi ka haɗa shi da mai tare motar alhazai a ƙofar ɗaurin aure ba. Abin da ya ɓata wa mutuminka rai ke nan.

Sai sanƙira, wanda ba ka tambaya ba amma ba a zancen biki a bar shi. Shi ne mai ɗaga murya bayan liman ya gama, ya ce jama'a su shaida an ɗaura auren wane ɗan wane da wance 'yar wane, a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba, a yi Fatiha. Kafin a san katin gayyata da sanarwar rediyo, shi da makaɗa su ne sanarwar. Daga nesa ma mutum kan gane irin gidan da ake biki, domin kowace sana'a da kiɗanta: mahauta kalangu, maƙera dundufa, manoma gangar noma. Algaita da kakaki da tambari na sarauta ne, talaka ba ya sa a busa masa su don ya aurar da 'ya, komai kuɗinsa.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce: "Kakata takan ce tana bin wance biki, kamar mai zancen bashi. Ta yaya ake bin mutum biki? Kuma mene ne ajo?"

'Yata, bashin ne kuwa. Biki ma'ana biyu gare shi. Akwai taron, akwai kuma gudummawar da kika kai wa mai taron. Idan kika kai wa ƙawarki turmin atamfa ko kuɗi ranar da take aurar da 'yarta, kin yi mata biki. Ranar naki za ta rama, kuma ba a so ta mayar da daidai abin da ta karɓa, sai ta ɗora wani abu a kai. Haka abin ke ta hauhawa tsakanin mata biyu shekara da shekaru, har ya kai inda ɗaya ta gaza, a daidaita a sake daga ƙasa. Matar da aka yi wa biki ta ƙi ramawa, zancenta ya gama unguwa. Yau za ki ga an zaunar da yarinya kusa da uwar biki da littafi da biro tana rubuta wadda ta kawo da abin da ta kawo. A da zabiya, wato mawaƙiyar biki, ita ce littafin. Tana karɓa tana ɗagawa sama tana shela, kowa ya gani, kowa ya riƙe a ka.

Ajo kuwa taron kiɗa ne da ake shiryawa musamman don tara wa mai hidima gudummawa. Da yamma ake share fili a ƙofar gida, a jera tabarmi da kujeru, makaɗa su zauna gefe. Sai a fara kiran abokan ango ɗaya bayan ɗaya. Kowa da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da aka san shi da shi, wanda da ya ji ya san da shi ake. Mutum na zaune yana hira sai kalangu ya kira shi, ya miƙe ya gyara hula ya shiga fili, ya ajiye abin da ya zo da shi, sanƙira ya faɗi adadin da ƙarfi ya haɗa da kirarin gidansu. Wanda ya yi rowa a nan take zai sha habaici, in ya yi taurin kai a kai shi ga zambo. Bayan an tashi a fitar wa makaɗa rabonsu, sauran ya zama na ango. Yarbawa ma ajo suke kiran adashinsu na tara kuɗi, ma'anar ba ta yi nisa da tamu ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, makaɗin biki ba don rawa kaɗai ake ɗauko shi ba. Shaida ne. A gabansa ake ba da bashi, a gabansa ake biya.

Wani ya tambayi asalin liƙi. Daga liƙa ne, mannawa. Mai rawa ya yi gumi, ka ɗora masa kwabo a goshi ya manne, ka yi liƙi. Da takardar kuɗi ta zo aka ci gaba da ɗora ta a goshi ko a kafaɗa. Watsa kuɗi sama suna zubowa ana takawa, wannan sabon abu ne da ya ari tsohon suna. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana shi, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Wani malamin makaranta daga Kumasi ya aiko da karin magana biyu yana son bayani: "Bikin farar kaza, balbela ba gayya" da "Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya".

Malam, na farkon sai mutum ya ga balbela kafin ya ji daɗinsa. Tsuntsuwa ce fara tas mai bin shanu a makiyaya. Farar kaza kuwa a gida take. Jinsinsu daban, amma launi ya haɗa su, duk wanda ya gan su tare zai ce dangi ne. To idan farar kaza na biki, balbela ba ta zama jiran goron gayya, 'yar gida ce. Ana faɗinsa idan wani ya yi ƙorafin ba a gayyace shi ba alhali hidimar tasa ce, ko kuma mutum ya faɗa da kansa yana shigowa, don ya nuna shi ba baƙo ba ne. Na sha jin matasa suna juya shi suna nufin ɗan kutse, mai zuwa cin shinkafar bikin da bai san kowa ba. Wannan kuskure ne. Karin maganar yabon kusanci yake yi, ba zargin kwaɗayi ba. Lura kuma da yadda aka taƙaita shi, "ba gayya", ba a ce "ba sai an gayyace ta ba". Gajartar ce ta sa ya zauna a baki.

Na biyun ya fi sauƙi. Magaji da Magajiya duk masu muƙami ne, kowa da jama'arsa da makaɗansa. Hidimar wannan ba ta dakatar da ta wancan. Ana kawo shi idan abubuwa biyu suka haɗu a lokaci ɗaya aka ce sai an fasa ɗaya, ko idan wani na ganin samun ɗan'uwansa zai tauye nasa.

Wata Hajiya daga Kano ta ce ita a bikinta kiɗan ƙwarya aka yi, a na jikarta kuwa dije (DJ), mai saka waƙoƙi a na'ura, aka kawo da manyan lasifikoki. Tana tambaya ko wannan shi ne "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya".

Hajiya, karin maganar ya fi biki faɗi, ana nufin idan hali ya canza dabara ma ta canza, amma misalinki ya hau. Ga 'yan baya da ba su gani ba: ruwa ake zubawa a babban masaki, a kifa ƙwarya a kai, a riƙa bugunta da 'yan sanduna, wasu ƙoren kuma a kifa su a ƙasa. Kiɗan cikin gida ne, na mata zalla, ranar wuni. A nan amada, waƙar mata da ake yi da kiɗan ƙwarya, ta yi ƙarfi, kuma Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ita ta yi suna. Akwai kuma shantu, dogon goran nan mai huda biyu da 'yan mata ke bugawa a cinya. A irin wannan zama ne mata ke faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban maza, a yi wa kishiya habaici, a ja kunnen amarya cikin raha.

Yanzu mawaƙi a sitidiyo yake shirya waƙar amarya da ango, ya jera sunayen dangi daga takardar da aka ba shi, ranar dina dije ya saka. Waƙar kan yi daɗi, ban musa ba. Sai dai an gama ta tun kafin a taru. Idan gwaggon amarya ta iso daga ƙauye ba zato, babu mai sako ta a baiti. Mai ƙwarya kuwa tana hango ta a bakin zaure za ta juya waƙa kanta, gwaggo ta ajiye ƙunshinta ta shigo da rawa. Wannan ne na'ura ba ta iya ba, shi ya sa har yau wasu gidajen kan yi dina a zauren taro don yara, su kuma kira masu ƙwarya gida don iyaye.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce: me ake kiran mai yin guɗa? Maguɗiya. Kuma guɗa rangaɗa ta ake yi. Lokutanta a biki sanannu ne: idan labarin ɗaurin aure ya shigo cikin gida, idan an buɗe lefe, da kuma lokacin da amarya ta sa ƙafa a ɗakinta.