Tsutsar kunnen kifin teku tana kama mutum?

Malam, ka tambaya ko ƙananan tsutsotsin da ke maƙale a kunnen kifin teku, wanda ake kawowa Maraɗi a daskare, suna cutar da mai ci. Ba sa kama ɗan Adam. Masana suna kiransu Monojiniya. Jikinsu a shimfiɗe yake, yawancinsu ƴan milimita ne, kuma da ƙugiyoyin da ke ƙarshen jikinsu suke riƙe jan naman da kifi ke numfashi da shi, suna shan jini ko majina. Ƙwansu yana ƙyanƙyashewa cikin ruwa, ƴaƴan su nemi irin kifin da suka saba da shi. Ɓarnar da suke yi wa kifi ta fi yawa a wurin kiwon kifi, inda cunkoso yake. Ka cire kunnen, ka wanke, a dafa sosai.