Amsar tambayoyinku: Marka, batem da sauran zancen suna

Assalamu alaikum masu bibiya. Tambayoyin wannan mako kusan duka kan suna sunka faɗa, to bismillah.

Wani ɗan Illela mazaunin Bukoki nan Yamai ya rubuto: "Malam, maiɗakina na da tsohon ciki, bisa lissafin likita haihuwar tsakiyar damina za ta zo. In mace ce ina so a sa mata Marka, sunan kakar mahaifiyata. Amma baffannina da surukaina sun ƙi, wai sunan Azna ne, wai za a riƙa yi ma yarinya dariya a lakwal. Mi sunan ke nufi, kuma in tsaya kan bakana?"

Allah ya sauke ta lafiya. Marka dai ita ce tsakiyar damina, wajen watan takwas, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba ya wuni yana yayyafi, hatsi ya rufe gona, mutum bai iya shanya ko tsumma. Ɗiyar da anka haifa cikin wannan lokaci ita ce Marka. Ba tsafi ba bori a ciki, ruwan Allah ne kawai, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da ruwa yake a wurinmu.

Ka tuna kafin a san takardar haihuwa, sunan yaro shi ke riƙe da labarin zuwansa. Ka ji Nomau ka san lokacin noma ya zo, Azumi cikin Ramadan, Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace bayan maza, Gambo bayan tagwaye, Audi bai tarad da ubansa da rai ba, Shekarau ya daɗe a ciki. Akwai kuma na ƴaƴan wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi, waɗanda uwa ke sa wa bayan ta binne biyu ko ukku, ta nuna kamar ba ta damu da jaririn ba ko mutuwa ta kau da kai. Waɗannan kam akwai tsohon camfi a bayansu, in wani ya ƙyamace su na fahimce shi, ko da yake ni in na ji sunan tausayin uwar ke fara kama ni. Amma Marka ba ta cikin wannan layi ko kaɗan.

Abin da ke ci mani rai shi ne masu cewa sunan ƙauye ne, su ne za ka ji gidajensu cike da Sidra da Afnan, ka tambaye su ma'ana su yi shiru, a waya sunka gani ya yi masu daɗin faɗi. Sidra fa magarya ce, wadda yara ke tsinta a daji, shi ya sa malamanmu ke fassara Sidratul Muntaha ta cikin Suratun Najmi da magaryar tuƙewa. Afnan kuwa rassa ne, tana cikin Suratur Rahman. Sunaye ne masu kyau wallahi, ban hana kowa ba. To amma in itace da rassansa sun cancanci zama suna da Larabci, mi ya sa ruwan sama da Hausa zai zama abin kunya? Ma'auni ma'ana ce. Annabi (SAW) da kansa ya canza ma ɗiyar Sayyadina Umar suna daga Asiya mai ainun da sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila, Muslim ya ruwaito, kuma sunan farkon Larabci ne tsantsa. Kar a haɗa ta da Asiya matar Fir'auna, wannan da alif da sinun ake rubuta ta, bakinmu ne ya maida su ɗaya.

Zancen tsayawa kan baka kuwa, ɗan'uwa ban ba ka shawarar faɗa da baffanninka ba, don ba ka ma bukatarsa. Bahaushe tun asali suna biyu gare shi. Akwai na yanka wanda liman ke faɗa da hantsin ranar bakwai a yanka rago a raba goro da dabino, akwai kuma wanda ake kira da shi cikin gida. Ita kanta kakar taku ka bincika, da wuya ba ta da sunan yanka. Ka bar ma manya na yanka su zaɓa, kuma sau da yawa sunan wata tsohuwa za su maida, wanda alkunya ba za ta bar kowa ya furta ba a gidan, kenan dole a nemi laƙabi, ga Marka na jira. A meri, wato ofishin magajin gari, sai ka sa a rubuta duka biyun, ai mun saba ganin takardu da wance dite wance, wato wance da ake ce ma wance. Kuma ka taka ka je wurinsu da kanka, zumunta a ƙafa take, kar ka tura saƙon murya ta WhatsApp. Ita ma mai cikin ka ji ta bakinta, ban ga ka ambaci ra'ayinta ba a wasiƙarka.

Wata daga Madawa na tambayar ma'anar "suna linzami". Da shi ake juyo mutum, yana tsakiyar kasuwa ka kira sunansa sai ya waiwayo, kamar yadda doki ke bin linzami. Wasu na ƙara cewa suna na jan mai shi zuwa ga halin ma'anarsa.

Wani ɗalibi ya ce: "Malam, daidai ne a ce za ni batem?" A'a. Batem wankan shiga addinin Kirista ne, Faransanci ya ara ma bukinmu kalmar don bai da wata, mu kuwa muna da namu: suna, zanen suna, raɗin suna. Ka ce za ni wurin suna, ya wadatar. Tunda an taɓo nan, bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna, wato yadda muke rubuta sunayenmu. Takardun gwamnati sun saba mana da Tchima da Chaïbou da Maïnassara, to wannan na takarda ne, ba mai cewa ka je ka canza kati. Amma in kana rubutu da Hausa, Cima ce, Sha'aibu ne, Mainasara ne, kuma da ka rubuta shi haka ma'anar ta fito fili, mai nasara. Tun 1966 anka zauna a Bamako kan haruffan harsunanmu har da Hausa, a 2025 kuma anka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma har yau yaro ya gama jami'a bai san c ɗaya ta isa inda yake jera t da c da h ba. Wannan gyaran namu ne mu masu koyarwa da iyaye, kuma ba shi da wuya.

Mai tambaya kan Kalla: laƙabin Musa ne, daga Kalimullahi, wanda Allah ya yi magana da shi. Haka Garba yake ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Kulu ga Hauwa.

Ta ƙarshe daga Ƙonni, wai takwara sai namiji? A'a, duk wanda kunka haɗa suna takwara ne, mace ko namiji, jam'insa takwarori.