Tambayoyin Fasaha: Tof ɗin tseren mota a jirgin ruwa, da wayar da ta sha ruwa

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin jirgin ruwa mai inji a ciki, Chevrolet 5.7 mai silinda takwas, da nike fita da shi dam ɗin Goronyo. So nike ya ƙara gudu. Na ga wani a Facebook yana sai da tof biyu na alminiyam, wato kan injin da ke rufe saman silinda, ya ce na tseren mota ne, hanyar iskarsu 230cc. Ya turo mani hoto ta WhatsApp. In biya? *Mai jirgi, Goronyo*

Amsa: Alhaji, rufe manhajar bankin tukuna. Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma tunda da waya ake shirin raba ka da kuɗinka, maganar ta shigo hurumina.

Abin da ke ba ni haushi da masu saye a intanet shi ne son babbar lamba. A waya suna bin kyamara mai megafiksel 108, a inji suna bin 230cc, babu mai tambayar aikin da za a sa abin. Injin jirgi ba ya samun hutun da injin mota ke samu. Babu giya, babu gangara, kullum kamar tirela ce da kaya tana hawan tudun da ba ya ƙarewa. Irin injinka kuma yawanci tsakanin juyi 4,400 da 5,000 a minti yake tsayawa idan an taka shi har ƙarshe. Hanyar iska mai faɗin 230cc an yi ta ne don injin da ya fi naka girma, ko wanda ke kaiwa wajen juyi 7,000. Ka ɗora ta a kan 5.7, iskar za ta riƙa shiga a sanyaye, silinda ba za ta cika ba a juyi 2,500 zuwa 3,500, alhali daidai wurin ne jirgi ke neman ƙarfin ɗagowa ya hau saman ruwa. Za ka biya kuɗi mai yawa ka samu jirgin da ke ɗaga hanci yana ihu, yara a kwalekwale suna kallonka. Abin da ya dace da kai yana tsakanin 170cc da 185cc. In ka matsa, 195cc, kuma ko shi sai an ƙara wa injin girma.

Kafin ka nemi komai, je ka ƙirga kusoshin da suka ɗaure manifol ɗin iska, wato abin da ke saman inji yana raba wa silinda iska. In takwas ne, tof ɗin Vortec ke kan injinka tun tuni, ka adana kuɗinka. In goma sha biyu ne, tsohon samfuri gare ka, kuma Vortec ɗin ne shawarata. General Motors ta fito da shi a 1996, na baƙin ƙarfe ne, hanyar iskarsa 170cc, ɗakin ƙunarsa 64cc, bawul ɗin shiga inci 1.94, na fita inci 1.50. Lambar zubinsa tana ƙarƙashin murfin bawul, ko dai 12558062 ko 10239906. Amma ba ya tafiya shi kaɗai. Yana bukatar manifol nasa mai kusoshi takwas, da murfin da ake ɗaurewa ta tsakiya, da rokoki, wato hannayen da ke danna bawul, irin waɗanda suke riƙe kan bawul da kansu. Sannan ba ya yarda kam, wato sandar da ke buɗe bawul, ya ɗaga bawul fiye da wajen inci 0.450 zuwa 0.480, sai an rage tsawon bututun da bawul ke bi. In an yi ganganci, abin riƙe sifirin zai daki sil, baƙin mai ya fara zuba cikin silinda, wani lokacin abu ya karye.

Yanzu ga inda wayarka za ta yi amfani. Buɗe Google Sheets, ba kalkuleta ba, don lissafin da ba a ajiye ba gobe sai an sake shi. Kowace silinda ta injin nan tana ɗaukar 717cc. Tara cc ɗin ɗakin ƙuna, da na filin da kaurin gaskit ya bari, da na gibin da ke tsakanin fistin da bakin bulo, da na ramin kan fistin. Ka haɗa jimillar da 717, ka raba da jimillar, shi ne matsin injinka. Misali, fistin mai shafaffen kai da gaskit na yau da kullum suna ba da kusan 20cc. Da tsohon tof mai 76cc, matsin zai kama 8.5. Da mai 64cc zai hau 9.5. Ka ga canjin tof kaɗai ya ƙara maki ɗaya cur. In fistin ɗinka mai rami ne, ƙarin ya kai 26cc, za ka tsaya wajen 9.0, kuma nan nake son ka tsaya. Gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba ka da zaɓin mai jure matsi, ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Matsi ya yi yawa, mai zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, kuma a jirgi ba za ka ji ƙwanƙwasar ba saboda ƙarar ruwa da salansa. Sai dai ka ga fistin ya huje. Kada kuma makaniki ya ce zai rage matsi da gaskit mai kauri. Gibin fistin da fuskar tof ana son shi kusa da inci 0.040, in ya buɗe da yawa fashewar ƙaruwa take yi.

Kada ka yarda da 64cc don mai kaya ya faɗa. Tof ɗan Kwatano ba mamaki an kankare fuskarsa sau biyu. A auna ɗakin ƙunar: a sa bawul da filogi, a kifa shi, a shafa giris a gefen ɗakin, a ɗora farantin roba mai haske da ɗan rami, a ɗura ruwa da sirinji ana ƙirgawa har kumfar iska ta ƙare. Ka rubuta ɗakuna takwas ɗin duka a teburinka.

Batun alminiyam kuwa, gaskiya yana rage kusan kilo 20, kuma yana jure matsi fiye da ƙarfe. Amma in injinka ruwan dam yake zuƙa kai tsaye ya sanyaya kansa, alminiyam a kan bulon ƙarfe cinyewa yake yi a hankali, ko da ba ruwan gishiri ba ne. Sai an sa tsarin sanyaya rufaffe, wanda ruwan lagireto ke zagaya inji, ruwan dam kuma ya tsaya a wajen musayar zafi. Ba ka da wannan, zauna a kan ƙarfe. Shi ma Vortec yana da lagonsa: zubinsa ba kauri, in ya yi zafi sosai tsagewa yake yi. Da damina ruwan Rima laka ce da yashi, suna cinye robar famfon ruwa, don haka canza ta kafin ka ɗora sabon tof, kuma a gwada tof ɗin da matsin iska ko ruwa a tabbatar ba tsaga.

Gaskit ka nemi na jirgi, mai ƙarfen da ba ya tsatsa a ciki. Bawul ɗin fita ma irin wannan ƙarfen. Kusoshin tof suna shiga hanyar ruwa, a shafa musu abin toshe yoyo, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje a zagaye uku har fam-ƙafa 65, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtsen yaron shago ba. Kuma kada wanda ya sayar maka da tof ya haɗa ka da kam na tsere. Salansar jirgi da ruwa take fita, kam mai barin bawul biyu a buɗe tare na dogon lokaci yana jawo ruwan nan baya cikin silinda idan inji na silo.

Shi kuwa mai hoton, sa hoton a Google Lens. In ya fito a shafin wani kanti na Amurka, ka san da wa kake ciniki. In bai fito ba, ya yi maka kiran bidiyo, ya nuna lambar da ke jikin tof ɗin da takarda mai kwanan watan yau a gefe.

Tambaya: Na sayi ɗan na'urar nan ELM327 mai Bluetooth, tana karanta matsalar motata a waya, amma a jirgi ban ga ma inda ake soka ta ba. *Daga Wamakko*

Amsa: Don babu. Wannan soket ɗin na motoci ne. Injin jirgi mai kwamfuta yana da nasa soket da nasa manhaja, irin su Diacom, da ake sa wa laftof. In kuma kabireta ke kan injinka, babu kwamfutar da za a tambaya. Cire filogi ka duba launinsa.

Tambaya: Injina Yamaha 40 ne na ratayawa. An ce in an kankare tof yana ƙara gudu. *Daga Wurno*

Amsa: Yana ƙara zafi, wannan tabbas ne. In mai haɗa fetur da baƙin mai ne, tof ɗinsa ko bawul babu, murfi ne da ramin filogi. Abin da za ka samu bai kai fistin ɗin da za ka rasa ba. Duba farfela, in bakinta ya lanƙwashe ko ya cinye, can gudunka ya tafi.

Tambaya: Wace manhaja ce ke auna gudun jirgi daidai? Tawa yau ta ce 38, gobe 44. *Daga Sakkwato*

Amsa: Manhajar ba ta yi ƙarya ba. GPS gudunka a kan doron ƙasa yake aunawa, bai san ruwa na tafiya ko iska na kaɗawa ba. Yi tafiya ɗaya da ruwa, ɗaya gaba da ruwa, da kaya iri ɗaya, ka tara awon biyu ka raba biyu. Rubuta juyin inji kusa da kowane awo, a Sheets, na sake faɗa. In an taka har ƙarshe juyin bai kai abin da kamfani ya rubuta ba, farfelar ta yi wa injin nauyi. Rage inci ɗaya a karkatarta yana ƙara wajen juyi 150 zuwa 200. Kuma a sa rigar hana nutsewa, wani ya riƙe wayar, ba mai tuƙi ba.

Tambaya: Wayata ta faɗa ruwa a bakin gulbi, na binne ta cikin shinkafa kwana biyu. In sa caji? *Wata mai karatu, Gwadabawa*

Amsa: Hajiya, a dafa shinkafar. Kada ki sa caji, kada ki kunna. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya cire batir, ya wanke allon ciki da sifirit, don lakar gulbi da ta bushe a ciki ita ke cin wayoyin.